Godiya ga mutanen hanyar Taura da duk wanda ya tsaya mana

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, Inna tana gida, ta ci ta sha, motar ma ta dawo da ƙafafunta. Sai yau na samu na zauna, shi ya sa kuka ji ni shiru.

Kun riga kun san yadda mota ta lalace mana muna tare da Inna, dare ya yi mana gaba da Ringim, ba sai na maimaita ba. Abin da har yanzu yake faɗar min da gaba shi ne lokacin da ƙanena ya ɗora hannu a murfin tankin ruwa, injin yana huci. Baba mai faci na bakin hanya ne ya buge hannun, ko sallama bai tsaya yi ba. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa ya haura digiri 100, ana sassauta murfin zai yi tsiri ya wanke fuska. Baba, Allah Ya tsare maka 'ya'yanka yadda ka tsare mana namu. Shi ya sa muka zauna kusan awa guda, sai da aka iya riƙe babban tiyon lagireto da hannu.

Masu tambaya me ya lalace, tiyon hita ne. Ƙananan tiyo ne guda biyu a bayan inji, suna shiga jikin mota ta ƙasan gilashin gaba. Mu nan ba ma kunna hita sai ko a tsakiyar hunturu, shi ya sa kowa yake mantawa da su. Amma a mota irin tamu, Golf 3, ruwan zafi yana zagayawa ta cikinsu kullum, ka kunna ko ba ka kunna ba. Namu baƙin mai ne ya cinye shi. Gaskit ɗin murfin saman inji yana tsiyaya a kai, roba kuwa in ta sha mai sai ta kumbura ta yi laushi kamar dafaffiyar ganda. A gindin kilif, wato ƙarfen da ke matse bakin tiyo, ya tsage.

A daren, Baba ya cire tiyo biyun daga jikin mota ya haɗa bakinsu da guntun bututun ƙarfe, ruwa ya riƙa zagayawa ba tare da ya bi ta hita ba. Dabarar kai mota gida ce, kuma ta kai mu. Matar da ta aiko yaranta da jarka biyu daga ruga, har da tabarmar da Inna ta kishingiɗa, ko fuskarta ban gani ba. Allah Ya ba ta aljanna, Ya albarkaci garkensu.

Sai Oga na garejin bayan tasha, wanda ya ƙi barin motar a haka ko da na ce a lallaɓa. Ya aika Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota a Kano, aka sayo tiyo biyun, masu lanƙwasa irin na motar. Ya ce tunda shekarunsu ɗaya, in ɗaya ya mutu ɗayan ma yana hanya. Miƙaƙƙen tiyo na awo in aka tanƙwara shi yakan toshe a gwiwa, kuma na milimita 16 da na 19 a ido kusan ɗaya suke, don haka da tsohon ake zuwa kasuwa.

Na tsaya na ga aikin. Ya sauke ruwa ta tiyon ƙasa, ya matse kilif da filaya ya ja shi baya. Bai murɗa ragowar tsohon tiyon ba, reza ya sa ya tsaga shi a tsaye ya ɓare, domin bakin hitar roba ce da ta sha zafi shekara da shekaru. In ta karye sai an kwance dashbod gaba ɗaya, aikin awa biyu ya koma na kwana biyu. Ya kankare tsatsa da farin dattin da ke bakin, ya shafa ruwan sabulu, ya tura sabon har ƙarshe. Giris ko baƙin mai ba ya kusantar wurin. Kilif kuma bayan ɗan tudun bakin yake zama, ba a kansa ba. Ya fi son na asali mai sifirin, don yana bin roba in ta buɗe ko ta tsuke. Mai noti in aka ɗaure shi da ƙarfi yanka tiyo yake yi.

Ya canja gaskit ɗin da ya jawo abin, sannan ya zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji, da ruwa rabi da rabi, wajen lita shida. Ruwan rijiya zalla da muka saba ɗurawa shi ke tara ƙanzo a lagireto, ni ma ina cikin masu laifin. Ya tayar da inji murfi a buɗe, yana matsa babban tiyo har kumfar iska ta daina fitowa, ya rufe, ya jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. Ya duba baƙin mai bai koma kalar shayi mai madara ba, salansa ba farin hayaƙi, wato gaskit ɗin kan silinda ya tsira. Washegari da safe ya sa na ƙara ruwa kaɗan zuwa layi. Oga, Allah Ya buɗa maka, Ya kai ka Makka, Ya sa yaran garejinka su gaje ka.

Na gode wa liman da jama'ar masallacinmu, da direbobin tasha da suka yi ta kira har asuba, da maƙwabciyarmu da ta kwana da yara. 'Yan uwa na cikin birni da wayarsu ta yi ta ringin a daren, mun ga saƙonku bayan kwana uku, mun gode, Allah Ya bar zumunci.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya jiƙan iyayenku, Ya raba ku da tsayuwar dare a daji, Ya ƙara wa Inna lafiya. Jarkokin nan biyu suna but ɗina, duk mai zuwa wajen Taura ranar Juma'a ya yi min magana.