Ga masu sha'awar tara ƙananan bindigogi: ku ajiye samfefa tukuna

Ɗan ƙanwata ne ya zo min da ita a cikin akwati, baki har kunne. Bai daɗe da samun lasisi ba, kuma ita ce bindigarsa ta farko: Walther PP mai cin harsashin 7.65, tsohuwa amma lafiyarta ƙalau. Na zare magazin, na ja murfin sama na leƙa na tabbatar babu harsashi a ciki, sannan na juya ta a ƙarƙashin fitila. Baƙin rininta ya koɗe a baki da gefuna, inda kube ya yi shekaru yana gogarta. Ga ɗan tambarin kambi a kan harafin N, raɗau. Kafin in buɗe baki sai ya ce, "Kawu, ai kai ta zan yi a kankare ta, a fesa mata fenti irin na zamani, in canja mata ƙota." Har da nuna min hoto a waya. Gabana ya faɗi, domin abin da na yi ke nan da hannuna lokacin ina kamarsa, kuma har yau bai bar min rai ba.

Wannan tambarin kambi shi ne shaidar gwaji da Jamus ke bugawa kafin 1940, lokacin da aka maye shi da mikiya a kan N. Ma'ana bindigar da yaron ke shirin fesa wa fenti ta fito ne daga tsohuwar masana'antar Walther ta garin Zella-Mehlis, wadda aikinta ya tsaya da ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu a 1945. Ba za a sake ƙera irinta a can ba har abada. Shi kuwa a idonsa tsohon ƙarfe ne mai buƙatar wanka.

Tawa ma PP ce, mai wannan tambarin. Ranar da na same ta, koɗewar nan ta tsaya min a rai. Na ɗauko samfefa mai laushi na fara da baki, ina cewa ɗan wannan wurin kawai. Da wurin ya yi fari sai ya bambanta da sauran, sai na bi sauran. Daga ƙarshe na kai wa wani mai gyaran bindiga ya goge ta da inji, ya sake mata rini. Ta dawo baƙa wuluk tana sheƙi, na yi ta murna. Ƙotarta ta asali tana da 'yar tsagewa kusa da sukuru, na cire na jefa a kwandon shara, na sa sabuwa.

Bayan shekaru wani dattijo da ya tsufa a harkar ya karɓe ta ya duba. Bai ce komai ba da farko. Ya ɗora farcen babban yatsansa a kan rubutun da ke jikin murfin, ya ja a hankali. Farcen ya zame, bai kama komai ba. Ya ce, "Ɗana, rubutun masana'anta yana da kaifi, yana kama farce. Wannan an cinye shi." Ya nuna min gefunan da ya kamata su tsaya da kusurwa sun zama kamar an lashe su, da ramukan fil da bakinsu ya lotsa saboda injin guga, da tambarin kambin da ya rage sai inuwarsa. Ya miƙo min ita da hannu biyu. Bai yi min faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Garin gyaran gira na rasa ido.

Nakan gaya wa kaina cewa ba laifina ba ne gaba ɗaya. A lokacin babu intanet. Littattafan da suka yi bayanin lambobi da tambura kaɗan ne, samunsu sai an sha wuya, wasu ma da Jamusanci suke. Kuma mutane da yawa haka suke yi, sake rini a wurinsu kulawa ce. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai waɗanda suka sani, kuma ina ganinsu, girman kai ne ya hana ni tambaya. Ba na son a gane ni sabon shiga ne. To amma kuma su ma manyan namu ba su cika sakin fuska ba, ka yi tambaya a kalle ka a watsar. Wa zai sake komawa? Ina faɗin haka, ina kuma sane da cewa babu wanda ya riƙe hannuna ya ɗora a kan samfefar.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Bayan ɓarnar farko sai haɗama ta shigo. Na fahimci cewa kowane suna guda yana da 'ya'ya da jikoki. PP ta fito a 1929, ƙanwarta PPK ta biyo baya da gajeren bututu da gajeriyar ƙota. Bayan yaƙi kamfanin Manurhin na Faransa ya riƙa ƙera su da izini tun daga 1952, Walther kuma ya sake kafuwa a Ulm, inda tambarin gwajin ƙahon barewa ne. Da Amurka ta yi dokar bindigogi ta 1968, PPK ta gaza cika ƙa'idar girman da ake buƙata kafin a shigo da ita ƙasar, sai aka ɗora bututu da murfin PPK a kan gangar jikin PP, aka samu PPK/S. Ni kuwa sai na ƙudurta dole in mallaki ɗaya daga kowanne. Ban gama da su ba na faɗa wa Makarov, wadda Tarayyar Sobiyet ta ɗauka a 1951, ga ta Jamus ta Gabas mai kyan guga, ga ta Bulgeriya mai lamba 10 a cikin da'ira, ga ta Sin da ake kira Type 59. Daga nan sai FN 1910 da maƙerin bindigogi John Browning ya tsara, irin wadda Gavrilo Princip ya harbe Franz Ferdinand, yarima mai jiran gadon Ostiriya-Hungari, da ita a Sarayebo ranar 28 ga Yuni, 1914, da 'yar'uwarta ta 1922 mai dogon bututu. Sai Mauser HSc, sai Beretta 1934. Abin ba ya ƙarewa, kuma wanda ke ciki ba ya ganin haka.

Tun da aljihuna bai kai na masu kyau ba, sai na riƙa kwasar na baya-baya. Wadda lambar murfinta daban da ta gangar jikinta. Wadda magazin ɗinta na wata ƙira ce. Wadda aka riga aka yi wa irin aika-aikar da na yi wa tawa. Na cika akwatin ƙarfe da yawa, babu guda da masani zai tsaya ya kalla sau biyu. Kuɗin da na zuba a cikinsu da ya saya min ƙwarara guda biyu ko uku da zan yi alfahari da su. Wani ɓangaren kuɗin kuma ba nawa ba ne ni kaɗai, haƙƙin iyalina ne, kuma ban riƙa gaya musu gaskiyar abin da nake kashewa ba. Wannan ya fi ciwon rinin zafi. Sai dai kuma, in za a yi adalci, a jikin waɗannan tarkacen na koyi kwancewa da ɗaurawa, na koyi gane aikin injin wannan masana'anta daga na waccan. Ban san ko da wata hanya zan koya ba. Ko kuwa dai ina neman abin da zan rarrashi kaina da shi ne.

Mafi muni ita ce wadda na saya saboda labari. Mai sayarwa ya ce ta wani babban hafsa ce a Yaƙin Duniya na Biyu, ya nuna min tambarin soja a jikinta. Na san cewa Walther na soja suna ɗauke da tambarin mai duba kaya mai lamba 359, sai na ga lambar, hankalina ya tafi. Ban sa madubin ƙara girma ba. Daga baya da aka sa, sai ga farin ƙarfe yana ƙyalli a cikin ramin tambarin, gefensa ya ɗago, alamar an buga shi ne ba da jimawa ba a kan tsohon rini. Takarda ko ɗaya ba ta zo da ita ba. Labarin na saya, aka haɗa min da bindiga.

Da na zauna rubuta wannan, na yi niyyar jero muku shawarwari masu yawa. Da na tace sai na ga ba su da yawa.

Kada ku taɓa fuskar ƙarfen. Babu samfefa, babu injin guga, babu fenti. Ƙyalle mai laushi da ɗan mai, shi ke nan. Koɗewar da kuke ƙyama ita ce abin da masani ke nema, domin ita ce shaidar ba a yi mata ƙarya ba. Kuma kada ku ajiye ta a cikin kuben fata, fata tana riƙe danshi. Na taɓa zaro wata daga kube na tarar da zanen yatsana ya zama jar tsatsa a gefen murfi, layi-layi.

Ku karanta kafin ku saya. A nan ne yaran yanzu ke ba ni haushi. Duk abin da muka yi shekaru muna nema yana cikin wayar da ke hannunku, jadawalin lambobi, hotunan tambura, komai, amma abin da kuke kallo shi ne ɗan gajeren bidiyon wani yana juya bindiga da kiɗa. Kun saba da Glock 19, wadda tun 1988 ake ƙera ta da yawan gaske, kowa ya cire wannan ya sa wancan, sai kuka ɗauka kowace bindiga haka take. Ko ita ɗin ma ba haka kawai ba ne: sifirin ɗin ƙirarta ta huɗu da ta fito a 2010 ba irin na ƙira ta uku ba ne. Balle tsofaffin da aka daidaita wasu sassansu da hannu ɗaya bayan ɗaya. Magazin ɗin PP yana dacewa da PPK/S saboda gangar jikinsu ɗaya, na PPK kuwa gajere ne. Wanda bai san wannan ba me ya kai shi gwanjo? Sannan ku ɗauki hoto ku watsa wa duniya, lamba a fili, har da ɗakin da kuke ajiya. Wa kuke gayyata?

Ku san harsashinku, wannan kam maganar rai ce. Abin da ake kira .380 shi ne 9x17, wato kauri da tsawon kwanso a milimita, shi ne Kurz a Jamus, shi ne Corto a Italiya. 9x18 na Makarov wani abu ne daban, kaurinsa ya kai kusan milimita 9.27, ya fi na sauran. Akwai kuma 9x18 Ultra, lamba iri ɗaya, harsashi daban. Har Makarov ɗin kasuwa akwai waɗanda aka yi su don .380, in ka ajiye su gefe da gefe ba ka bambancewa. A karanta abin da aka rubuta a jikin bindigar, in an yi shakka a kai wa ƙwararre ya auna. Zare magazin kuma ba ya nufin babu harsashi a ciki, a ja murfi a duba da ido kowane lokaci. Inda doka ba ta ba ka izini ba, ka tsaya a littafi da gidan tarihi, babu tarin da ya kai darajar 'yancinka. Inda ta bayar, takarda kafin ƙarfe, akwati mai makulli kafin bindiga, musamman in akwai yara a gidan.

Ku zaɓi reshe ɗaya ku tsaya a kai, ku sayi guda mai kyau maimakon biyar marasa kyau. Na faɗi haka, amma in kun sayi mai kyau tun farko hannunku bai goge ba, a kanta za ku yi kuskuren. To ku nemi wata da aka riga aka lalata, ku koya a jikinta. Na san wannan ya saɓa wa abin da na faɗa yanzu. Dukansu biyu gaskiya ne, ku san yadda za ku yi da su.

Haka ma maganar kayan gyara. Na ce kada a canja komai, amma in za ku yi harbi da tsohuwa a filin da aka keɓe, sifirin da ya yi shekara tamanin ya gaji, kuma a irin waɗannan bindigogi masu kafaffen bututu shi da nauyin murfi ne ke tare bugun. Ku bari ƙwararre ya duba ta, ya sa sabo. Ƙotar PPK ta da, wadda guda ce da ta naɗe bayan, tana saurin tsagewa, ita ma a cire a sa ta wucin gadi. Amma duk abin da aka cire, komai ƙanƙantarsa, ko tsagagge ne, a shafa wa na ƙarfen mai, a sa a 'yar jaka, a rubuta lambar bindigar a jiki, a ajiye a akwati ɗaya da ita.