Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Ranar da Na Ƙi Riƙe Bunsuru

A makon jiya na tsayar da labarin a inda aka yi mini baftisma a wata majami'ar ECWA da ke ƙasar Malumfashi, ba da sanin Baba ba. Shekarar 1984 ke nan, muna cikin jihar Kaduna, don Katsina ba ta zama jiha ba sai 1987.

Gidanmu gidan Maguzawa ne, gandu ɗaya muke nomawa, tukunya ɗaya muke ci. Kowace shekara kafin shuka Baba yakan yi wa iskokin gida yanka a gindin tsamiya, a zuba jini, a zuba giya. A gidanmu ɗan fari ke riƙe dabbar, ni ne kuwa ɗan farin.

Ranar yankan shekarar nan, da asuba Baba ya kira ni. Baffannina duk suna tsaye, an ɗaure baƙin bunsuru. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Noma zan yi maka har ƙarfina ya ƙare, amma wannan ba zan riƙe ba. Na bi Yesu."

Bai ɗaga murya ba. Da ma dukana ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, waɗanda suka ba ka littafi, su za su ba ka gona?" Sai ya miƙa wa ƙanena igiyar.

Daminar nan ruwa ya ɗauke, dawa ta bushe a tsaye. Fari ne da ya game ƙasa har Nijar, amma a gidanmu ni aka ɗora wa. Aka karɓe gayaunata, aka ware mini ƙwaryar sha, daga baya aka ce in bar gidan. Mai bishararmu ya ba ni tabarma a zaurensa. A nan na karanta Matiyu sura 10, inda Almasihu ya ce wanda ya ƙaunaci uwa ko uba fiye da shi bai cancanci zama nasa ba. Na sha jin ayar a wa'azi ina gyaɗa kai. A daren nan kuka na yi, domin ina ƙaunar Baba, har yau kuma ba na yarda a zage shi a gabana. Tsoro yake ji kada yunwa ta cinye masa gida.

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba saboda kunyar ɗan fari. Amma kowace ranar kasuwa ƙanwata takan zo da ƙullin fura a bakin zane, ta ajiye, ta ce, "In ji wadda ka sani."

Wata bakwai muna haka, sai ranar nan ta zo hannu wofi, idonta jajir, ta ce Baba na kwance. A nan za mu tashi mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.