Takardar da Kawu ya ɓoye a ƙarƙashin matashi

Kawuna ya shafe shekaru 19 yana tuƙa babbar mota tsakanin Damagaram da Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, kafin hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki yana da shekara 52. Da ya nemi fanshon naƙasa, sai amsa ta zo cewa bai cancanta ba. Takardar da Faransanci aka rubuta ta, wani yaro ya karanta masa layin farko kawai, shi kuwa ya naɗe ta ya tura ƙarƙashin matashi. Sai bayan mako uku, da na je gaishe shi a unguwar Birni, matarsa ta zaro ta ta miƙa mini.

Na ce, "Kawu, me ya sa ba ku gaya mini ba?" Ya ce, "Ɗana, abin da ba rabonka ba ne ko ka bi shi wahala za ka sha." Ban yi musu da shi a kan ƙaddara ba, amma na roƙe shi ya bar ni in karanta takardar har ƙarshe, domin kuɗin nan ba sadaka ba ne, guminsa ne da aka riƙa cira daga albashinsa kowane wata.

A dokar asusun ma'aikata na ƙasar Nijar, wato CNSS, fanshon naƙasa yana da sharuɗɗa bayyanannu. Mai nema ya kasance bai kai shekara 60 ba, yana da rajista ta aƙalla shekaru 5, kuma an zuba masa kuɗin watanni 6 a cikin watanni 12 da suka gabaci rashin lafiyarsa. Sannan likita ya tabbatar cewa ya rasa kashi biyu cikin uku na ƙarfin neman abincinsa. Duk wanda ya tambaye ni ko ɗaukaka ƙorafi yana cin nasara, amsata ita ce a fara duba wanne daga cikin waɗannan aka ce ya rasa, domin a nan ne ake gane mai hujja da wanda zai ɓata kuɗin kabu-kabu a banza.

Na Kawu watanni 6 ɗin ne suka kayar da shi, kuma ban ga laifin masu duba dosiye ba, tunda abin da ke rubuce a gabansu suka bi. Maigidansa ne ya daina zuba kuɗin tun da daɗewa, alhali yana ci gaba da cire kason ma'aikaci. Abin da ya cece mu wani tsohon gwangwanin biskit ne da matar Kawu ta adana a cikin adaka, cike da takardun albashi, wasu sun yi ja saboda tsufa, wasu da tabon man inji a jikinsu. A kowace ɗaya ana ganin layin da aka cire kashi 5,25 cikin 100 da sunan asusun. Da waɗannan muka je wajen sufeton ƙwadago, aka kira maigidan, kuma bayan kai-komo mai yawa ya biya bashin da ke kansa. Muka rubuta ƙorafi ga kwamitin sake duba hukunci na asusun, muka haɗa kofen komai, muka riƙe na asali a gida, ban kuma bar wurin ba sai da aka buga mini hatimi mai kwanan wata a kan kofena, saboda ƙorafi yana da wa'adi, kuma makonni ukun nan na ƙarƙashin matashi sun riga sun ci wani abu daga ciki. Da kwamitin ya ƙi, da sauran kotun ma'aikata a gabanmu, amma ba mu kai can ba. An amince, kuma Kawu yana karɓar haƙƙinsa yanzu.

Wanda aka ƙi saboda rahoton likita, aikinsa ya fi namu wuya, amma ba a rufe masa ƙofa ba. A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne kawo takarda mai sunan cuta kaɗai. Ya kamata likita ya bayyana abin da cutar ta hana mutum yi a sana'arsa: direban da ƙafarsa ba ta taka birki, ko magini da ba ya iya ɗaga bulo.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani tela ne daga unguwar Garin Malam, da ya ji labarin Kawu ya zo har gida, ɗansa yana riƙe da hannunsa domin idanunsa sun tafi. Shekara 30 yana ɗinki a shagonsa, bai taɓa yin rajista ba, kamar yawancin masu sana'ar hannu a garin nan. Ya ce, "Malam, ni ma a rubuta mini irin ta kawunka." Na daɗe ina kallon ƙasa kafin in iya gaya masa cewa babu takardar da zan rubuta da za ta buɗe masa wannan ƙofa, kuma har yau ina neman inda zan nuna masa.