Mako na shida: mahaukacin fim da tsummansa

Abokan koyo, sannunku da ƙoƙari. Mako shida ke nan ina kallon finafinan Hausa da biro a hannu, ina rubuta duk inda aka nuna mai taɓin hankali. Littafin rubutu mai takarda arba'in na saya na ja masa layi huɗu: sanadi, kamanni, magani, ƙarshe.

Layin kamanni ya fi saurin cika, har ya gundure ni. Tsumma, gashi a hargitse, toka a fuska, tsince-tsincen leda a bola, yara na binsa da tafi. Sanadi kuwa sammu ne ko jifa daga kishiya, ko iskokai, wani lokaci ƙwaya. Magani ruƙiyya, ko a tone layar da aka binne a gindin bishiya, nan take mutum ya yi atishawa ya ce "ina ne nan?" Ban ci karo da wanda aka kai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau a Kano ya yi watanni yana shan magani yana komawa ganin likita ba.

Ranar Laraba na gane kuskurena. Wata mata a wani fim ta daina cin abinci bayan rasuwar ɗanta, ta daina wanka, tana zaune a ɗaki ita kaɗai. Na wuce ta ban rubuta ba, don ba ta saka tsumma ba! Ashe ni ma idon daraktan na ara. Sai na ƙara layi na biyar don ciwon damuwa, wanda fim ke nunawa ba ya kiran sunansa.

Don kwatance na kalli fim ɗin Amurka na 2001, A Beautiful Mind, a kan John Nash, masanin lissafin da ya samu kyautar Nobel a 1994. An nuna shi yana ganin mutanen da babu su, har da abokin ɗaki. Shi kuwa ainihin Nash, ruɗun tunani ne ya dame shi da jin muryoyi, ba gane-gane ba. Kyamara tana buƙatar abin da ido zai gani, shi ya sa su suka ƙirƙiro abokin ɗaki, mu muka ɗauko tsumma. Dabarar ɗaya ce, kuɗin aikin ne ya bambanta.

Mako mai zuwa zan koma kan wasanni masu dogon zango na talabijin, in ga ko yawan kashi-kashi yana ba mara lafiya lokacin warkewa a hankali. Mai tsofaffin faya-fayan bidiyo a ajiye, don Allah ya ara mini.