Sito ko wurin aiki: wanne za a fara ware wa wuri a zanen gida?

Idan fili ya yi kaɗan, zanen gida yakan bar ɗan ɗaki guda, mita 2 a tsaye mita 2 a kwance, sai a shiga ja-in-ja: a mai da shi sito, ko a bar wa injin wanki da batura? Galibin masu gida sito suke zaɓa, domin kaya ido na ganinsu, bututu kuwa ba mai tuna shi sai ranar da aka neme shi. Abin da aikin zanen gida ya koya mini shi ne a fara da wurin aiki, wato ɗakin injin wanki da batura. Kantar ajiye kaya ana iya kafa ta a kowane bango ko bayan shekara 10 da tarewa, amma bututun ruwan datti tun kafin a zuba daɓe ake binne shi. Wanda ya tuna da shi daga baya sai ya fasa tayil, ya sare kankare, sannan a ƙarshe bututun ya fito yana bin bango a fili.

Injin wanki faɗinsa kusan santimita 60 ne, zurfinsa ma haka. A nan mutane kan yaudari kansu, su ware masa 60 cif. Yana buƙatar kamar santimita 10 a baya saboda tiyo da waya, da kusan mita 1 a gaba don ƙofarsa ta buɗu mutum ya sunkuya da kwando. Bututun fitar ruwa ya zama mai faɗin milimita 40 zuwa 50, da gangara ta kamar santimita 2 a kowace mita. Idan gangarar ta gaza, zaren tufafi da kumfar sabulu su kwanta a ciki, wata rana ruwa ya dawo ta baki. Shi ya sa nake son wannan ɗaki ya jingina da bangon kicin ko na banɗaki, bututu ya yi gajeriyar tafiya ba lanƙwasa da yawa. A sauke daɓensa santimita 2 ƙasa da na sauran gida, a sa magudana a ƙasa. Tiyo yana fashewa, kuma yakan zaɓi lokacin da ba kowa a gida.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ce a haɗa sito da wurin aiki a ɗaki ɗaya. A takarda kamar dabara ce. A zahiri wanki yana kawo lema, lema kuwa ita ce ajalin kayan ajiya: kwali ya yi laushi ya zauna, takardu su manne da juna, takalmin fata ya yi funfuna. Ta ɗaya ɓangaren kuma kaya ba sa tsayawa inda aka ajiye su, a hankali suke cin wuri har su rufe makullin ruwa da akwatin wuta. Ranar da ruwa ke ambaliya ba ranar ɗauke akwatuna 6 ba ce kafin a kai hannu ga makulli. Gaban akwatin wuta a bar kamar mita 1 babu komai.

Batura kuma nasu daban ne. Masu ruwan asid suna fitar da iskar haidirojin yayin caji, iskar da ke tashi sama kuma take kama wuta, saboda haka mafitar iskarsu kusa da silin za a buɗe ta. Zafi ma yana cinye su: sun fi son digiri 25 a ma'aunin Celsius, kuma ƙarin kamar digiri 10 a kan haka yana iya rage rabin kwanansu. Iskar tukunyar gas akasin haka take, ta fi iska nauyi, ƙasa take kwanciya, mafitarta a ƙasa. Kada tukunyar gas ta taɓa zama ɗaki ɗaya da batura. Janareta kuwa waje, nesa da taga, babu wata magana.

To, ina kayan za su je? Ajiya ba lalle sai da ɗaki ba, bango take buƙata. A sito mai murabba'in mita 4, hanyar shiga mai faɗin santimita 90 da wurin juyawar ƙofa sukan cinye kusan rabin filin. Kabad mai zurfin santimita 60 da aka gina a jikin bangon farfajiyar ciki ba ya asarar ko taku ɗaya, tunda hanyar da ma tana nan. Ƙarƙashin matakala, saman ƙofofi, da tazarar da ke tsakanin kan kabad da silin duk wuri ne. Ƙananan kaya kanta mai zurfin santimita 30 zuwa 40 ta ishe su. Idan ta fi haka, abin da ya shige baya ya ɓace ke nan, sai a sake sayen wani.

Akwai gidan da sito na gaske ya zama dole, inda ake da manyan kaya irin keke, tsani, ko buhuna masu nauyi. A nan ma sai a ba wurin aiki ɓangaren da ke kusa da bututu da bangon waje, sito ya ɗauki busasshen ɓangare, a raba su da bango har silin, kowa da ƙofarsa. Kantar ƙasa a ɗaga ta santimita 15 daga daɓe, ƙofar kuma ta buɗo waje.