Retrieve: Je Ka Ɗauko

Wanda ya san bambancin "ɗauka" da "ɗauko" ya riga ya kama rabin ma'anar retrieve. Abu yana wani wuri, ko ka ajiye shi can, ko ka manta shi, ko ya faɗa, sai ka je ka dawo da shi hannunka. Aikin da wasalin "o" ke yi a ƙarshen ɗauko, shi wannan kalma ke yi a Turanci.

Daga tsohon Faransanci ta fito, dangin retrouver, wato sake samun abu. Ta shiga Turanci a ƙarni na 15 ta bakin mafarauta, suna faɗarta ga karen da ke gano naman da ya ɓace musu. Daga nan karnuka irin su Labrador Retriever suka samo suna.

Ƙa'idarta guda ce, kuma a nan aka fi tuntuɓe: dole a ambaci abin da aka ɗauko. In za a faɗi wurin, sai a sa from. She retrieved her bag from the car, ta ɗauko jakarta daga mota. Shi ya sa ba a cewa he retrieved from malaria. Warkewa daga cuta aikin recover ne, domin ita tana iya tsayawa ba tare da an ambaci wani abu ba. Ko inda dukansu biyu suka halatta akwai ɗan bambanci. Recover ta fi dacewa da abin da aka sace ko aka fid da rai da shi, kamar kuɗin da 'yan sanda suka ƙwato. Retrieve kuwa, galibi an san inda abin yake, zuwa kawai ya rage.

Haka yake a kwamfuta. Fayil ɗin da ke ajiye lafiya, aka nemo shi aka buɗe, retrieve ne. Wanda ya goge ko ya lalace aka ceto shi, an fi cewa recover.

Kada a ce retrieve back, maimaici ne, don "dawowa" tana cikin kalmar tun asali. Kada kuma a haɗa ta da return, wadda ke nufin mayar wa mai abu abinsa.

Wajen rubutu, i ke gaba da e, saɓanin receive. Ana cewa retrieved, da retrieving bayan an cire e ta ƙarshe, sunan aikin kuma retrieval. Abin da ba ya dawowuwa irretrievable ne. A furuci ana ƙarfafa gaɓa ta biyu a ja ta, a ƙare da v, haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, ba b ba.

A ganina kalmar ta fi kyau a wasiƙar aiki ko rahoto. A hira da aboki tana da ɗan nauyi, get ko fetch sun wadatar.