Wankin gyambo ranar Lahadi

Lahadi ce ranar kasuwar Tahoua, ita ce kuma ranar sujadarmu, kuma duk Kiristan da ke aikin jinya a garin nan ya san yadda abubuwan biyu ke karo. Tun hantsi motocin ƙauye ke shigowa da buhunan albasa da awaki a sama, a ciki kuwa har da marasa lafiyar da suka kwana shida suna jiran mota. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bayan na bar aikin gwamnati na buɗe ɗan ɗakin shan magani a zauren gidanmu. A gidan da na tashi, ranar Lahadi ko wanki ba a yi, saboda haka da na fara sai na rubuta a ƙofa cewa ranar Ubangiji ba aiki.

Game da mai ciwon gaggawa ba a taɓa yi mini musu ba. Cikin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kayar da yara, an sha buga mini ƙofa ina ɗaura ɗankwalin zuwa majami'a. In huda ɗan yatsa, in ga layi biyu sun fito a abin gwaji, in jiƙa tsumma in shafa wa yaro, in ya fara jijjiga kuwa mu hau kabu-kabu sai asibiti. Ko asibitin Galmi, da mishan ta SIM ta buɗe a 1950, ba ya cewa mai naƙuda ta jira Litinin. Yesu ma ya tambayi masu zarginsa, a Matiyu 12, wane ne tunkiyarsa za ta faɗa rami ran Asabar, ranar hutun Yahudawa, ya bar ta a ciki.

Inda magana ta tashi shi ne kan wata tsohuwa mai gyambo a ƙwauri. Ciwon ya daɗe, ya yi baki, an sha barbaɗa masa garin magani har ya daskare. Ba zai kashe ta yau ko gobe ba, amma motar ƙauyensu sai ranar kasuwa take zuwa, kuma kafin la'asar ta juya. Na ce mata, "Inna, ki riƙa zuwa da mun sauko daga sujada." Sai in sa ta miƙe ƙafa a kan kujera 'yar tsuguno, in jiƙa tsohon bandeji har ya saki da kansa, in wanke da ruwan gishirin asibiti, in cire mataccen nama kaɗan kaɗan, tana runtse ido tana salati. Kowane mako haka.

Wani dattijon ikilisiyarmu, mutumin da nake ganin girmansa ƙwarai, ya kira ni gefe. Ya ce, "Ɗiyata, mai jijjiga daban, mai gyambo daban. Wannan ai tana iya jira. In kin buɗe mata yau, gobe mai ciwon kai ne, jibi kin manta hanyar majami'a, sai lissafin kuɗi." Na ce, "Baba, ka ba ni lokaci in duba Littafi."

Abin da na tarar ya ba ni mamaki: kusan duk waɗanda Yesu ya warkar ran Asabar masu iya jira ne. Matar nan ta Luka 13 shekara 18 ta yi a tanƙware. Mutumin bakin tafki a Yohanna 5 shekara 38 ya yi yana ciwo. Na Yohanna 9 makaho aka haife shi, mai shanyayyen hannu na Markus 3 shi ma ba a bakin mutuwa yake ba. Malaman Yahudawa da kansu sun yarda a keta Asabar in rai na cikin haɗari, don haka ba a nan suka saɓa da shi ba. Shugaban majami'ar Luka 13 cewa ya yi akwai kwana shida na aiki, a zo a cikinsu a nemi waraka, kusan maganar dattijonmu ke nan. Yesu kuwa ya ce kowa na kwance sansa ran Asabar ya kai shi ya sha ruwa, yaya za a ce 'yar Ibrahim ta ƙara kwana a ɗaure? A ganina wanda ba shi ke da ciwo ba, shi ke saurin cewa ana iya jira.

Duk da haka ban ga maganar dattijon ta faɗi ƙasa ba. Lahadi ce ranar da aka fi samun kuɗi a garin nan, kuma abu ne mai sauƙi mutum ya kira ciniki jinƙai. Dokar hutu ba don a takura wa kowa aka ba da ita ba. A Maimaitawar Shari'a 5 an ce bawanka da baiwarka su huta kamar kai, har sa da jaki, ka kuma tuna kai ma ka yi bauta a Masar. Ko sarki Konstantin, da ya sa aka mai da Lahadi ranar hutu a daular Rum a shekara ta 321, ya bar wa manoma damar aikin gona, don shuka ba ta jira. 'Yan'uwanmu Adbentis har yau Asabar ɗin suke kiyayewa, daga faɗuwar rana ta Juma'a, amma asibitocinsu ba sa barin mai ciwo ba kulawa.

Na koma wa dattijon da shawara, muka tsaya a kanta. Ranar Lahadi ba na buɗe littafin lissafi. Wanda na duba ya biya kuɗin bandeji da magani yadda na saye su, kuɗin hannuna kuwa babu. Daga nan na gane wa zan ce wa ya dawo Litinin ba tare da zuciyata ta dame ni ba: ɗan gari mai neman gwajin hawan jini ya dawo, baƙon da mota ke jira ya shigo. Na kuma haɗa kai da wasu 'yan'uwa masu aikin lafiya a ikilisiya muna karɓa-karɓa, don kada mutum ɗaya ya yi ta rasa sujada, domin mai jinyar da ba ta hutawa hannunta kan yi nauyi a kan ciwo, bakinta ma haka.

Yarinyar da ke taya ni aiki Musulma ce, Juma'a daga hantsi nake sallamarta, Lahadi ma ba ta zuwa. Shara da dafa almakashi da wankin kwanonin aiki na ranar ni ke yi da kaina, bayan motocin ƙauye sun tashi.